Igiyar Totur da Ƙwaryar Inna Ladi

Ranar Asabar na tsaya bayan ɗaya daga cikinku, ku matasa masu sa kiɗa, a wurin biki ina kallon aikinsa. Waƙa tana tafiya, ya danna wani ɗan maɓalli a kwamfuta, ta biyu ta shigo ta zauna daram a kan ta farko, shi kuwa ya ɗaga hannu sama yana juyi kamar shi ya haifi mawaƙin. Da aka tashi na yi masa sannu da aiki, sai ya ce mini, "Baba, ai aikin nan ba wuya." To madalla. Ku gyara zama in ba ku labarin aikin da ba wuya, wanda ya taɓa zaunar da ni a tashar Ojoo shekara guda da wata biyu.

Sunana Sabi'u, amma duk Sabo ta Ibadan da Mai Faifai aka san ni. Mahaifina fataucin goro yake yi, ya so in koyi jera goro a ganye, ni kuwa ƙafata kullum tana unguwar Mokola, a shagon wani Bayarabe mai gyaran rediyo da ake kira Oga Femi. Litinin zuwa Juma'a yana ƙona hannu da dalma, Asabar ya kwashi kayan sauti ya tafi owambe, wato shagalin Yarabawa da ake tare titi a kafa rumfa. A farkon shekarun tamanin na shiga hannunsa. Wata shida ban taɓa allurar garmaho ba. Aikina shi ne in zauna da agogonsa a tafin hannu, ya sa faifai, in ƙirga bugun ganga na daƙiƙa goma sha biyar, in ninka sau huɗu, in rubuta a filasta in manna a jikin kwalin. In na ce ɗari da takwas, sai ya rufe ido ya kaɗa ƙafa ya ce da Hausarsa mai gauraye da Yarabanci, "Sake ƙirgawa jare." In sake, in samu ɗari da goma sha biyu. Wallahi har yau ban san yadda mutumin nan yake yi ba.

Wani owambe a Oke-Ado shi ne ranar farko da ya bar ni na haɗa faifai biyu a gaban jama'a. Na daidaita gudunsu da ɗan yatsa a gefen faranti, bugu ya hau kan bugu, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba. Na waiga ina jiran yabo, sai na ji an murɗe mini kunne. Ya ce, "Ƙafa ta yarda, kunne bai yarda ba. Ba ka ji suna faɗa ba?" Na kasa kunne, sai na ji. Molon wannan faifai da algaitar wancan suna cizon juna, irin sautin da ke sa haƙori tsami. Shi ya taso yana buga molon coci, yana da do-re-mi ɗinsa da yake rarrabe su da shi. Ni ban san wannan karatu ba, don haka na je na kwaso zaren ɗinkin hula na gyatumata, kala-kala. Duk fayafayan da muryarsu take gida ɗaya na ɗaura musu zare iri ɗaya. Kore yana shiri da kore, yana ɗan gaisawa da shuɗi, amma ka haɗa shi da ja ka ga tashin hankali. Sannan ya koya mini abin da maɓallinku yake ɓoye muku: idan ka ƙara wa faifai gudu, muryarsa ma hawa take yi, in ka matsa masa sosai sai ya bar gidansu ya koma gidan maƙwabta. Kenan kana gyara ƙafa kana ɓata kunne, kuma dole ka riƙe duka biyun.

Da na samu 'yancin kaina na haɗa nawa kayan, duk na hannu: garmaho biyu, ƙaramar miksa, lasifika ɗaya mai girman akwatin aure, da wani janareta mai tari. Garmahon manyan kulob na Legas suna da ɗan abin ja a gefe na ƙara gudu ko ragewa. Nawa ba su da shi. Amma a wani suna a bayan masallaci na lura da wani abu: duk sanda janareta ya yi sanyi, mawaƙin sai ya koma kamar mai jin barci, in ya ɗau wuta kuma sai ya zama kamar yarinya. Ashe injin garmahona ƙarfin wuta yake bi. Sai na samo igiyar takalmin ƙwallo, na ɗaura baki ɗaya a totur ɗin janareta, ɗayan a babban yatsan ƙafata. In ja, kiɗa ya ƙara gudu, in saki, ya lafa. Kuna dariya ko? Ku yi. Da igiyar nan na yi aure.

Yanzu ku fahimci yadda aikin Sabo yake. Maza ba sa kiran mai faifai, su dai a shimfiɗa tabarma a raba goro a yi addu'a a watse. Shagali na mata ne, kuma matan aure ba sa fita, suna cikin gida suna suyar ƙuli-ƙuli da dambu da sauran sana'arsu. Namiji baligi ba ya wuce zaure. Saboda haka ni a zaure nake zama da kayana, a ja waya a ɗora lasifika a kan katanga tana kallon tsakar gida. Shekara goma ina sa mata rawa, ban taɓa ganin rawar ba. Da guɗa nake ganewa, da ƙarar takun ƙafa, da yadda shewa take tashi ko ta mutu. Tsarin kuwa a bayyane yake. Mata su yi nasu kiɗan ƙwarya tukuna, su kifa ƙwarya a cikin baho mai ruwa suna bugawa da ludayi, zabiya tana waƙa suna amshi. In sun gaji, a aiko mini in sa nawa. In an kira salla kowa ya yi shiru. Babbar zabiyar unguwa a lokacin ita ce Inna Ladi, wata dattijuwa 'yar siririya mai muryar da ake ji daga titi.

Bikin 'yar wani mahauci ne ya kai ni ƙasa, kuma ba kowa ya ja mini ba sai iyayina. Inna Ladi tana tsakiyar waƙa, ƙwarya tana tafiya gwanin daɗi, sai shaiɗan ya raɗa mini cewa in sa mata faifai a ƙarƙashi, yadda na ga Oga Femi yana yi wa mawaƙan Yarabawa. Ba wanda ya aike ni. Na ƙirga bugun ƙwarya, na zaro faifan da ya dace da lissafi, na saki. Gudu ya zauna daidai, amma ban duba zare ba. Molon faifan yana sama da muryarta kaɗan, ɗan kaɗan ɗin nan da ya fi kowane muni. Ya riƙa jan ta, tana turjewa, har ta zo inda za ta ɗaga murya ta yabi uwar amarya, sai muryar ta tsage kamar ta zakara sabon koyo. Sannan wata ta fashe da dariya, gidan duka ya ɗauka.

Ba a jima ba na ji takun silifa. Ta tsaya a ƙofar zaure da ludayi a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ɗan gidan mai goro?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Don Allah ki yi haƙuri, kuskure..."

"Shekara talatin ina waƙa a garin nan, ba a taɓa yi mini dariya ba sai yau. To ka ji da kyau, ɗan nan. Duk gidan da akwatin nan naka ya hau katanga, Ladi ba ta taka shi."

Ta juya ta koma. Ni a wautata na ɗauka faɗan tsofaffi ne, kwana biyu ya wuce. Na manta da Atine dillaliya, wadda take shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka, kuma labari ya fi kayan nata saurin fita. Kafin Juma'a ta zagayo babu matar da ba ta ji ba. In aka ce wa mace ta zaɓa tsakanin Inna Ladi da akwati, ai ba ta ma tsaya tunani ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Owambe yana da masu shi, ba za a bar Bahaushe ya kutsa ba. Na kwashi rikoda biyu na koma tashar Ojoo ina kwafar kaset ina sayar wa direbobin Arewa da fasinjoji. Kun san wanda ya fi fita? Wa'azin wani malami da yake ragargazar makaɗa da masu sa kiɗa, yana lissafa abin da ke jiranmu a lahira dalla-dalla. Ni nake kwafarsa, ni nake gwada wa mai saye, in ƙara masa sauti don ya ji da kyau. Na haddace shi tsaf. Garmahona suna ƙarƙashin gado matata tana ɗora musu kwandon albasa.

Ana nan sai ga Nasiru, ɗan Hajiya Balaraba mai man gyaɗa. Ya je karatu Landan ya dawo a tsakiyar shekarun casa'in da wando mai faɗi da jakar fayafai, matarsa kuma ta haihu a gidan uwarsa. Ya same ni a Ojoo ya ce ni kaɗai ne mai garmaho a Sabo, yana so in yi masa suna. Ya zaro faifai ɗaya muka je gida na sa. Jama'a, na ɗauka allura ce ta lalace. Ganguna suna zuba kamar an kifar da kwandon kwanuka daga bene, a ƙarƙashi kuma wani kauri yana tafiya a hankali yana girgiza ƙofa. Na duba ko na sa shi a gudun da ba nasa ba. Ya yi dariya ya ce, "Haka yake, Oga Sabi'u. Sunansa diram-an-bes, shi ake yayi a can."

Na ce, "To, Allah ya ba su lafiya. Wa zai taka wannan a Sabo?"

Ya ce ai ba shi kaɗai za a sa ba. A can ana ɗora murya a kansa, shi kuma burinsa ya ji Inna Ladi tana yi wa ɗansa waƙa a kan wannan kiɗa. Na dube shi na ce ko ya san abin da ya kai ni Ojoo? Ya ce ya sani, Hajiya ta riga ta aika Atine wurinta har sau uku. Amsar da Atine ta kawo ita ce, saboda Balaraba ta yarda, amma in na sake tsinka mata murya, ko rediyo aka ji na kunna a unguwar nan sai ta ji dalili. Kenan abin da ya kashe ni shi aka ce in maimaita, a gaban matan Sabo duka. In ya yi kyau na dawo aiki, in ya ɓaci in nemi rumfa ta dindindin a tasha.

Kwana huɗu na yi ina shiri, ban taɓa yi wa wani aiki irin wannan karatu ba. Na ɗauko agogo na ƙirga fayafayan Nasiru, duk suna wajen ɗari da saba'in a minti. Sannan na tono wani tsohon kaset da na taɓa ɗauka ta saman katanga, Inna Ladi tana waƙar suna. Na ƙirga ƙwaryarta, tamanin da biyar. Sai da na miƙe tsaye. Rabi cif! Ashe haukan nan na Landan, in ka bar gangunan sama ka bi kaurin ƙasa, tafiyar ƙwarya yake yi, bugu biyu nasa a kan ɗaya nata. Saura murya. Na bi fayafai goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya ina gwada su da kaset ɗin, goma sha ɗaya suka yi faɗa da ita, guda ɗaya mai farin kwali ya kwanta a ƙarƙashin muryarta kamar tabarma. Na ɗaura masa koren zare, na ce Sabi'u, ka gama da su.

Ranar suna bayan azahar na kafa kaya a zauren Hajiya Balaraba. Janareta a waje, igiya ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa zuwa yatsana. Nasiru yana tsaye a kaina yana gumi cikin babbar riga. Gidan ya cika, ina jin ƙarar kwanuka da kukan jarirai, sannan ƙwarya ta fara, Inna Ladi ta ɗauko waƙa. Na bar ta ta yi baiti biyu, na yi bisimilla, na saki allura.

Faifan yana gaba da su, kuma yana sama da ita, daidai irin na ranar mahauci. Daga baya na gano dalili: ranar da na ɗauki tsohon kaset ɗin nan batirin rikodata ya yi sanyi, don haka da na saurare shi da wuta mai kyau sai ya fito da sauri da tsini fiye da yadda matar take a zahiri. Kwana huɗu ina auna Ladin da babu ita a duniya. Amma a lokacin ban san wannan ba, abin da na sani kawai shi ne bugu yana tuntuɓe da bugu, kuma na ji amshin mata ya fara rawa. Na saki igiya, na ja, na sake saki, ina lallaɓa ta da yatsa kamar mai taka keken ɗinki, gumi yana shiga mini ido. Sai kawai na ji abu ya faɗa wurinsa. Ƙwarya ta hau kan kaurin nan ta zauna, muryar Inna Ladi ta bi ta kansa sumul, gangunan Landan suna yayyafi a sama. Wata guɗa ta tashi wadda ban taɓa jin irinta ba, ƙasa ta ɗauki takun ƙafa har ƙura tana zubowa daga rufin zaure. Nasiru ya rungume ni yana ihu da Turanci. Sau uku ana aiko mini in maimaita faifan kafin la'asar.

Da nake naɗe waya na tarar igiyar tana kwance a ƙasa, ta kwance daga jikin totur. Na ce lallai a ƙarshen nan ne ta zame, da Nasiru yake tsalle. Na cusa ta a aljihu ban sake tunanin abin ba.

Aiki ya dawo har ya fi da. Kowace mai suna sai ta ce a sa mata na gidan Balaraba, matan suka raɗa masa suna kiɗan ruwan sama. Ni kuwa bakina bai huta ba. Shekara uku ina ba da labarin a shagon shayi, a wurin aski, har Mokola na je na ba Oga Femi, da kwatancen yadda yatsana ya yi. Na ce ni ne mutumin da ya haɗa Landan da Sabo da igiyar takalmi. Oga Femi ya saurara ya ce, "Janareta ya sauke faifai har haka, fitilar miksa ba ta mutu ba?" Na ce masa hannu ne, Oga, wani abin sai mai shi.

Wata safiya na shiga kasuwar Bodija sayen doya, sai na hango Inna Ladi a rumfar masu ƙwarya. Ta ƙara tsufa, tana ɗaukar ƙwarya ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa kusa da kunne. Tun ranar zauren mahauci magana ba ta taɓa haɗa mu ba, sai dai aike. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Mai akwati. Yaya yatsan ƙafa? An ce da shi ka kamo mu a gidan Balaraba."

Na yi murmushin manya na ce, "Ai Inna, aikin ne sai da dabara."

"Uhm. Atine tana tsaye a ƙofar gida ranar, ta ce tun kafin ka sa kiɗan wani mai kawo itace ya yi tuntuɓe da igiyarka ta fita. Ta ce tana leƙenka kana ta harbin iska kamar akuya a hannun mahauci."

Na ce, "To Inna, yaya aka yi kiɗan ya zauna?"

Ta ce, "Ina jin abin naka ya shigo na san ka sake yin ta. Sai na karkata ƙwaryata na rage mata iska har sautinta ya hau ya sami naka, na zunguri ta kusa da ni na ce ku ƙara hannu. Ni kuma na ɗaga murya na bi ka. A can sama ka ajiye ni, ɗan nan, har sau uku. Kwana biyu ina shan zuma da citta ban iya amsa sallama ba."

Na ce, "Inna, to me ya sa? Ai da kin bar ni na faɗi."

"Jikan Balaraba ake wa suna, in bari a yi dariya a gidanta? Kuma an gaya mini kana Ojoo kana sayar da kaset ɗin da ake zagina da kai a ciki. Na ce horon ya isa haka."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, tsakiyar kasuwa, da doya a hannu. Na tambaye ta don me ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce wa za ta faɗa wa, ai duk matan da ke gidan sun sani, su suka buga. Shekara uku kenan kowace mace a Sabo ta san zancen, har da wadda nake kwana ɗaki ɗaya da ita, suna ji ina ba da labarin yatsa suna cewa sannu da ƙoƙari.

Saboda haka in kun danna maɓallin nan naku waƙa ta zauna, ba na ce muku komai, ni ma an taɓa danna mini. Bambancin kawai, nawa maɓallin sai da ya yi jinyar maƙogwaro.

Ta gama zaɓenta, manya biyu da ƙarama ɗaya, ta ɗaure su a tsumma. Ta dube ni ta ce, "Tunda ƙafar taka ƙalau take, ɗauko mini zuwa bakin titi."

Na ajiye doyata na ɗauka.